Bram Stoker: Akawun da ya ƙago Dracula, littafin 1897 da ya dawo ta wayar hannu

A ranar 3 ga Mayu, 2022, dubban mutane a sassan duniya sun buɗe wayoyinsu sun tarar da imel daga wani matashin lauya ɗan Ingila mai suna Jonathan Harker. Yana ba su labarin jirgin ƙasan da ya makara, da wani naman kaza mai yaji da ya ci a hanyarsa ta zuwa yankin Transylvania. Babu wani Harker da ya taɓa rayuwa a doron ƙasa. Ɗan cikin labari ne a littafin Dracula, wanda aka buga a Landan a 1897. Wani mai tsara shafukan intanet a jihar Kansas ta Amurka, Matt Kirkland, shi ne ya yanyanka littafin yana aika wa mutane kowane yanki a ranar da abin ya faru a cikin labarin. Kafin shekarar ta ƙare, masu karɓar saƙon sun haura 200,000.

Marubucin littafin ya mutu shekara 110 kafin wannan rana, cikin rashin lafiya da ƙarancin abin hannu. Jaridun da suka yi ta'aziyyarsa sun fi tuna shi da kasancewa manajan wani shahararren ɗan wasan kwaikwayo, har jaridar The Times ta yi hasashen cewa littafin da ya rubuta a kan maigidan nasa shi ne zai ci gaba da riƙe sunansa. Sunan mutumin Bram Stoker. Ya yi rayuwarsa a cikin takardun ofis da lissafin kuɗin wasu, kuma daga wannan sana'a ya samo salon da ya sa littafinsa ya shiga zamanin intanet kamar don shi aka rubuta shi.

Yaron da ya yi shekara bakwai a kwance

An haifi Abraham Stoker a ranar 8 ga Nuwamba, 1847, a unguwar Clontarf da ke gefen birnin Dublin na ƙasar Ailan. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya bakwai. Shekarar haihuwarsa ita ce mafi muni a cikin shekarun babbar yunwar da ta afka wa Ailan bayan wata cuta ta cinye dankalin Turawa, abincin da talakawan ƙasar suka dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka tsallaka teku. A lokacin Ailan tana ƙarƙashin Birtaniya, kuma ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tasoshin ruwanta yayin da manoma ke mutuwa a bakin hanya.

Gidan su Stoker bai ɗanɗana yunwar ba. Mahaifinsa akawu ne a Fadar Dublin, wato hedikwatar mulkin Birtaniya a Ailan, kuma iyalin mabiya ɗarikar Furotesta ne, 'yan tsirarun da gwamnati ke ji da su a ƙasar da mafi yawan jama'arta Katolika ne. Abin da ya addabi gidan shi ne ciwon yaron. Bram bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da ya kai shekara bakwai.

A wannan kwanciya mahaifiyarsa, Charlotte Thornley, ta riƙa ɗebe masa kewa da labarai. Ita 'yar garin Sligo ce, kuma tana da shekara 14 lokacin da annobar kwalara ta shiga garin a 1832. Ta ga yadda aka riƙa binne mutane da sauran numfashi saboda tsoron cutar. Ta san labarin wani dogon soja da akwatin gawa ya yi wa kaɗan, aka ɗauko guduma za a karya masa ƙafa, bugun farko ya farka. Ta kuma ga yadda garuruwan maƙwabta suka tare hanya suka hana iyalinta shiga lokacin da suka gudu. Daga baya ta rubuta wa ɗanta wannan tarihi a takarda. Charlotte mace ce mai baki a al'amuran jama'a, domin ta gabatar da maƙalu a Dublin a kan ilimin kurame da kuma halin da 'yan mata marayu ke ciki a gidajen gajiyayyu na gwamnati.

Yaron ya warke sarai. Ya shiga Kwalejin Trinity ta Dublin a 1864, ya zama ƙato mai jan gemu, zakara a wasannin motsa jiki, kuma ya shugabanci manyan ƙungiyoyin muhawara guda biyu na kwalejin. Ya karɓi digirinsa a 1870.

Akawu da rana, mai sharhi da dare

Stoker ya bi sawun mahaifinsa zuwa Fadar Dublin, inda ya yi fiye da shekara goma a sashen da ke kula da ƙananan kotuna, har ya kai matsayin sufeto mai zagaya ƙauyuka yana duba littattafan akawunan kotu. Littafin da ya rubuta a kan wannan aiki, wanda ya fito a 1879, jagora ne ga akawunan kotu: yadda za su cike fom, su adana shaida, su sa kwanan wata a kan kowace takarda. Babu aljani ko ɗaya a cikinsa, amma wanda ya karanta Dracula zai gane hannun mutumin da ya yi imani cewa abin da ba a rubuta aka sa wa rana ba, ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Da dare kuwa gidan wasan kwaikwayo yake tafiya. Daga 1871 ya riƙa rubuta sharhin wasanni ga jaridar Dublin Evening Mail ba tare da ana biyan sa ko kwabo ba. Ɗaya daga cikin masu jaridar shi ne Sheridan Le Fanu, marubucin Carmilla, labarin wata mashayiyar jini da ya fito a 1872, shekara 25 kafin Dracula. A wannan lokaci ne kuma Stoker ya kamu da son waƙoƙin Ba'amurke Walt Whitman, ya rubuta masa doguwar wasiƙa a 1872, ya ajiye ta shekara huɗu kafin ya iya aikawa.

A watan Disambar 1876, fitaccen ɗan wasa Henry Irving ya zo Dublin da wasan Hamlet. Sharhin da Stoker ya rubuta ya burge shi, ya gayyace shi cin abinci a otal ɗin Shelbourne. A wata liyafa ta wannan ziyara Irving ya rera wata waƙa ta mai kisan kai da zuciyarsa ke azabtarwa, Stoker ya rikice har ya kasa riƙe kansa a gaban mutane. Shekara biyu bayan haka Irving ya karɓi gidan wasa na Lyceum a Landan, ya nemi Stoker ya zo ya riƙe masa harkar kuɗi da gudanarwa. Stoker ya ajiye aikin gwamnati da fanshonsa. A farkon Disambar 1878 ya auri Florence Balcombe, wadda Oscar Wilde ya taɓa nema, suka wuce Landan cikin 'yan kwanaki. An haifi ɗansu tilo, Noel, a ƙarshen 1879.

Shekara 27 a inuwar Irving

Aikin ya cinye shi. Shi ne mai lissafin kuɗin shiga da albashin ma'aikata, mai karɓar manyan baƙi a ƙofa, mai rubuta wa Irving jawabai da wasiƙu. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa wasiƙun da ya rubuta da sunan maigidansa sun kusa rabin miliyan. Daga 1883 ya shirya tafiye-tafiyen tawagar zuwa Amurka har sau takwas, da kayan dandamali da 'yan wasa da jadawalin jiragen ƙasa da na ruwa. A irin wannan tafiya ya haɗu da Whitman ido da ido a 1884. A 1895 Irving ya zama ɗan wasa na farko da Masarautar Birtaniya ta ba lambar girma ta Sa. Manajan da ya riƙe masa asusu yana tsaye a baya.

Duk da haka Stoker ya riƙa satar lokaci. Ya fitar da littafin tatsuniyoyin yara a 1881, wanda ɗaya daga cikin labaransa ya ginu a kan annobar da mahaifiyarsa ta gani. A 1882 ya yi tsalle daga jirgin ruwa ya faɗa kogin Thames don ceto wani mutum, aka ba shi lambar yabo, ko da yake mutumin bai rayu ba. A 1890 ya ci jarabawar zama lauya, ya kuma fitar da littafinsa na farko na ƙagaggen labari, The Snake's Pass, wanda ya shafi ƙauyen Ailan da wani mai ba da bashi da ruwa da ke ƙwace gonakin manoma.

Masana da dama sun ga kamannin Irving a jikin Dracula: dogon mutum mai kwarjini, wanda ke aiki da dare, yake kuma tsotse ƙarfin waɗanda ke yi masa hidima. Stoker dai bai taɓa furta kalmar suka ga maigidansa a rubuce ba.

Shekara bakwai ana tara takardu

Takarda mafi daɗewa a cikin bayanan da ya tara don Dracula tana ɗauke da kwanan wata 8 ga Maris, 1890. A bazarar wannan shekara ya je hutu garin Whitby da ke gaɓar tekun arewacin Ingila. A ɗakin karatun garin ya ci karo da littafin wani tsohon jami'in jakadancin Birtaniya, William Wilkinson, na 1820, a kan yankunan Wallachia da Moldavia. A nan ya tsinci sunan Dracula, tare da bayanin cewa kalmar tana nufin shaiɗan a harshen mutanen wurin. Ya soke sunan da ya fara raɗa wa dodonsa, ya sa wannan. A Whitby kuma ya ji labarin wani jirgin ruwan Rasha mai suna Dmitry da guguwa ta jefo bakin gaɓa a 1885, wanda ya zama jirgin Demeter da ya kawo Dracula Ingila da akwatuna 50 cike da ƙasar kabari.

Stoker bai taɓa taka Transylvania ba. Daga littattafan matafiya da taswirori ya gina ta, musamman maƙalar Emily Gerard ta 1885 a kan camfe-camfen yankin. A 2018 ɗakin karatu na London Library ya gano littattafai 26 a kan kantocinsa ɗauke da alamun fensir da suka dace da bayanan Stoker. Yayansa Thornley, likitan fiɗa, ya rubuta masa bayani a kan raunin ƙwaƙwalwa domin wani babi ya tsaya daidai.

Dodon da ya ƙago yana da kama da maye a wasu fuskoki, amma akwai bambanci. Maye rayayyen mutum ne da ake cewa yana kama kurwa. Mashayin jinin Stoker gawa ce da ta ƙi ruɓewa, tana tashi da dare ta sha jinin masu rai, wanda ta sha kuma shi ma ya zama irinta bayan ya mutu. Don haka yaɗuwarsa irin ta annoba ce.

Littafin ya fito a watan Mayun 1897 daga kamfanin Archibald Constable, da bango ruwan ɗorawa da jan rubutu, a kan sule shida. Kwanaki kaɗan kafin nan, a ranar 18 ga wata, Stoker ya sa aka karanta shi a dandamalin Lyceum a gaban 'yan tsirarun mutane, don kawai ya kare haƙƙinsa na mayar da shi wasan kwaikwayo. Irving bai taɓa fitowa a matsayin Dracula ba.

Littafin da na'urori suka haɗa

Babu mai ba da labari guda ɗaya a cikin Dracula. Tarin takardu ne masu kwanan wata: littafin ajiyar sirri na Harker, wasiƙun Mina da ƙawarta Lucy, rajistar kyaftin ɗin jirgi, yankakkun labaran jarida, takardun lauyoyi da na masu dakon kaya, da saƙonnin wayar tangaraho. Labarin ya fara ranar 3 ga Mayu, ya ƙare a makon farko na Nuwamba.

Jaruman littafin 'yan zamani ne masu son sabuwar na'ura. Harker yana rubutu da gajeren salon sakatarori, wanda Dracula ya kasa karantawa, yana kuma ɗaukar hoton gida da kyamarar Kodak. Likita Seward yana naɗar bayanansa da murya a na'urar fonograf. Ana yi wa Lucy ƙarin jini daga maza huɗu, shekara huɗu kafin Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901. Mina kuwa, malamar makaranta da ta haddace jadawalin jiragen ƙasa, ita ce ta tattara duk waɗannan bayanai, ta buga su da tafireta kwafi uku-uku, ta jera su bisa kwanan wata. Sai bayan an jera su ne mazajen suka gane cewa abin da kowannensu ya gani shi kaɗai yanki ne na abu guda. Lokacin da suka yanke shawarar ɓoye mata bayanai don wai su kare ta, a daidai lokacin Dracula ya samu hanyar kai mata.

Dodon ya fahimci inda haɗarinsa yake. Da ya kutsa gidansu, takardun da faya-fayan muryar ya fara jefawa wuta. Abin da ya cece su shi ne kwafi ɗaya da ke kulle a cikin sef. Kuma a shafin ƙarshe Harker ya lura cewa a duk tarin da ke hannunsu da wuya a samu takarda ta asali, kusan duk bugun tafireta ne, don haka ba su da hujjar da za su nemi wani ya yarda da su. Duk wanda ya taɓa ganin an goge bidiyon shaida daga intanet, ko an ce hoton gaske na bogi ne, ya san wannan matsala.

Abin da Landan ke tsoro

Dracula bai shiga Ingila da runduna ba. Ya koyi Turanci daga littattafai, ya nazarci dokoki da jadawalin jirage, ya ɗauki lauyoyi daban-daban don kada ɗayansu ya san dukan sirrinsa, ya sayi gidaje a Landan da zinari. Wato ya bi hanyar da kamfanonin Birtaniya ke bi su shiga ƙasashen wasu. Masanin adabi Stephen Arata ya bayyana wannan a 1990 da cewa tsoron mulkin mallaka ne ya juyo gida: mai cin ƙasashen mutane yana mafarkin an zo cin tasa. A watannin farko na shekarar da littafin ya fito, dakarun kamfanin Royal Niger na George Goldie sun ci Bida da Ilorin, sojojin Birtaniya kuma suka ƙone birnin Benin suka kwashe kayan tagullarsa. A watan Yuni Landan ta yi bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan gado.

Stoker ya san mulkin daga ciki da waje. Ɗan ƙasar da ake mulka ne, kuma ma'aikacin masu mulkin. Ya goyi bayan a ba Ailan majalisarta ta cikin gida ta hanyar lumana, ya girmama Firaminista William Gladstone, amma bai taɓa neman a rushe daular ba. Wasu masu nazari suna ganin Dracula a matsayin hoton iyayen ƙasa na Ailan masu zaune a manyan gidaje suna tatsar manoma. Wasu suna tuno da cewa Karl Marx, tun a 1867, ya kwatanta jari da mashayin jini mai rayuwa da gumin ma'aikata.

Littafin yana da tabonsa. Ya fito a lokacin da ake ta ƙorafi a kan Yahudawan gabashin Turai da ke tururuwa zuwa Landan, ƙorafin da ya haifar da dokar taƙaita baƙi ta 1905, kuma siffar da ya ba dodonsa da wani ɗan kasuwa Bayahude ta yi daidai da zanen ƙiyayya na wancan zamani. Jarumansa suna fasa gidaje, suna ba da cin hanci, suna fakewa da sarautar ɗayansu don ɗan sanda ya kau da kai, sannan su kashe ba tare da kotu ba. Dracula kansa ba shi da littafin ajiyar sirri a cikin tarin. Duk abin da aka sani game da shi, maƙiyansa ne suka rubuta. A littafin Stoker na ƙarshe, The Lair of the White Worm na 1911, akwai wani Ba'afirke da aka siffanta da wulaƙanci mai tsanani.

Faɗuwar Lyceum da mutuwa

Dracula ya samu karɓuwa daidai gwargwado. Arthur Conan Doyle ya rubuto wasiƙar yabo. Mahaifiyar Stoker ta ce tun bayan Frankenstein ba a yi irinsa ba, ta yi masa fatan suna da dukiya. Dukiyar ba ta zo ba.

A watan Fabrairun 1898 gobara ta cinye ma'ajiyar kayan dandamalin Lyceum. Irving ya kwanta ciwo, ya miƙa gidan ga wani kamfani duk da Stoker ya ba shi shawarar kada ya yi, kuma a 1902 suka yi wasansu na ƙarshe a can. A ranar 13 ga Oktoba, 1905, Irving ya faɗi ya mutu a wani otal a garin Bradford jim kaɗan bayan ya sauko daga dandamali. Bai bar wa Stoker komai a wasiyyarsa ba. Stoker ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, amma ya rubuta littafi mai juzu'i biyu a kan maigidan nasa a 1906. Ya koma aikin jarida don neman abinci, har ya yi hira da matashin ɗan siyasa Winston Churchill a 1908. A wannan shekara kuma ya wallafa maƙalar da ke kiran a sa wa littattafan da ke motsa sha'awa takunkumi, shi da ya rubuta littafin da masu nazari suka cika da sharhi a kan sha'awar da ke ɓoye a cikinsa. A 1911 ya nemi tallafi daga asusun agaza wa marubuta, aka ba shi fam 100.

Ya mutu a Landan ranar 20 ga Afrilu, 1912, yana da shekara 64, kwana biyar bayan nutsewar jirgin Titanic, labarin da ya mamaye jaridu. An ƙona gawarsa a Golders Green. A 1913 matarsa ta kai bayanan da ya tara na Dracula gwanjo, aka saye su fam biyu da sule biyu. Yanzu suna gidan adana kayan tarihi na Rosenbach a Philadelphia.

Rigimar wane ne mai labarin

A 1922 kamfanin Prana na Jamus ya fitar da fim ɗin Nosferatu, wanda F. W. Murnau ya ba da umarni. Labarin Dracula ne aka canza wa sunaye, ba tare da izini ko biyan kuɗi ba. Florence, wadda ke rayuwa da ɗan abin da littafin ke kawowa, ta shigar da ƙara. Kamfanin ya ce ya karye, don haka babu diyya, kuma a 1925 kotu ta ba da umarnin a lalata duk kwafin fim ɗin. Wasu kwafe sun riga sun tsallaka ƙasashe, suka tsira, kuma a yau ana lissafa fim ɗin cikin manyan ayyukan sinima. An sake yin sa a 1979 da 2024.

Florence ta samu kuɗi daga wasan dandamali na 1924 da kuma fim ɗin kamfanin Universal na 1931, inda Bela Lugosi ya kafa siffar Dracula mai baƙar alkyabba da duniya ta sani. Ta mutu a 1937. A Amurka an gano cewa Stoker bai cika sharuɗɗan rajistar haƙƙin mallaka ba, a Birtaniya kuma haƙƙin ya ƙare a 1962, shekara 50 bayan mutuwarsa. Daga nan littafin ya zama na kowa. Kwafin tafireta na asali mai shafi 541, wanda aka tsinta a wani sito a jihar Pennsylvania, ya ƙare a hannun Paul Allen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Microsoft.

Dawowa ta intanet

Wannan 'yanci na kowa ya ɗauka shi ne ya buɗe ƙofar abin da ake gani yanzu. A 2014 wasu 'yan Kanada suka mayar da Carmilla na Le Fanu gajerun bidiyo a YouTube, inda wata ɗalibar jami'a ke zaune gaban kyamarar kwamfutarta tana ba da rahoton ɓacewar abokiyar zamanta. A 2020 BBC da Netflix suka fitar da Dracula mai kashi uku, wanda a kashi na ƙarshe dodon ya farka bayan shekara 123, ya samu intanet, ya tuntuɓi lauya ta kwamfutar hannu, lauyan kuma ya fitar da shi daga inda ake tsare da shi da hujjar cewa tsarewar ta saɓa wa doka.

Shirin Kirkland, Dracula Daily, wanda ya fara a 2021, bai canza rubutun Stoker ba. Lokaci kawai ya canza. Mai riƙe da littafi yana iya juya shafi ya ga abin da ya faru da Harker. Mai jiran imel kuwa, bayan saƙon 30 ga Yuni, sai ya yi makonni shida bai ji ɗuriyarsa ba, kamar yadda Mina ta zauna tana jira, har wasiƙa ta zo daga wani asibiti a Budapest a watan Agusta. Matasa a dandalin Tumblr suka riƙa yin zane da barkwanci da muhawara a kan kowane saƙo, kuma da yawansu sun gano cewa Mina ta littafi ta fi ta fina-finai kaifin tunani nesa ba kusa ba. Rajistar jirgin Demeter, inda matuƙa ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a cikin keɓantaccen wuri, ta zo wa mutanen da ba su daɗe da fita daga kullen korona ba. A 2023 aka yi irin wannan da murya a shirin Re: Dracula.

A 2024 mai ba da umarni Kip Williams ya kai labarin dandamali a birnin Sydney na Ostireliya, inda 'yar wasa guda, Zahra Newman, ta fito a matsayin mutum 23, masu kyamara suna bin ta, ana haɗa hotonta na nan take da wanda aka riga aka ɗauka a kan manyan alluna. An zaɓi Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ɗauki wannan nauyi a Landan a 2026. A 2025 kuma ƙasar da Stoker ya zana ba tare da ya gan ta ba ta mayar da martani: ɗan Romaniya Radu Jude ya nuna nasa Dracula a bikin fina-finai na Locarno, inda wani mai shirya fim ke neman ƙirƙirarriyar basira ta ƙago masa labaran dodon iri-iri, ciki har da wanda Dracula ke murƙushe yajin aikin ma'aikata.

Tun daga 2012 birnin Dublin ke shirya bikin tunawa da Stoker a ƙarshen kowane Oktoba. Tokarsa tana nan a Golders Green, cikin tulu ɗaya da ta ɗansa Noel. Tokar Irving kuwa tana Westminster Abbey, inda Birtaniya ke ajiye sarakunanta da manyan mutanenta.